Gargaɗi ga Jama'ar Sabon Gari: Kada Ku Taya Mai Fargaba Ɓuya, Kada Ku Miƙa Kansa ga Mai Lantarki

Jama'ar Sabon Gari, da na Tibiri, da na Jiratawa, iyayenmu maza da mata, don Allah ku tsaya ku ji wannan magana, ku kuma kai ta gidajen da ba a karatu. Akwai wata cuta a cikinmu da ba ta kwantar da mutum a tabarma, ba ta sa zazzaɓi, ba ta fitowa a awon jini. Abin da take yi shi ne ta riƙa ƙwace wa mutum wuraren zuwansa ɗaya bayan ɗaya, yau kasuwa, gobe masallaci, jibi ƙofar gidansa ma ta gagare shi. Ita ce ciwon fargaba. Abin da ya sa na ɗaga murya shi ne yawancin taimakon da muke yi wa mai ita ƙara masa ciwon yake yi, kuma ga shi yanzu an fara tallata mana ta salula na'urorin da wai suke gyara ƙwaƙwalwa da lantarki.

Kowa a unguwar nan ya san irin saurayin da nake nufi. Ɗan kasuwa ne mai kazar-kazar. Wata rana da hantsi, yana tsakiyar cunkoson babbar kasuwa, haka kawai sai gabansa ya shiga dukan uku-uku, gumi ya karyo masa, numfashi ya ƙi shiga, yatsunsa suka ɗauki tsami, ƙasa ta fara juya masa. Ya tabbata ajali ne ya zo. Cikin minti goma abin ya kai ƙarshen ƙarfinsa, daga nan ya soma sauka. Aka kai shi likita, aka auna jini, aka saurari zuciya, aka ce ba a ga komai ba. Mako na zagayowa sai ya ce wa ƙanensa, "Je ka buɗe kantin, ina nan tafe." Bai je ba. Ran Juma'a ya daina shiga sahun gaba, ya koma na ƙarshe, dab da inda ake ajiye takalma, don in abin ya taso ya fice ba wanda ya gani. Daga baya Juma'ar ma ya bar ta. Ya daina hawa kabu-kabu. Saro kaya a Katsina ko Kano kuwa tuni ya bar wa yaronsa. A gida ana cewa, "Ku ƙyale shi ya huta, kada ku takura masa." Uwa na aika masa fura har ɗaki, ƙane na riƙe da kanti, kowa na ganin zumunci yake yi.

Na mata ya fi ɓuya, kuma shi ya fi damuna. Namijin da ya bar kasuwa ana lura da shi, amma macen da ta daina fita yabonta ake yi: kamila ce, mai kunya ce, ba ta da yawo. Ba ta je suna ba, ba ta je gaisuwar mutuwar gwaggonta ba, sai a ce halinta ne. Ranar da ta ƙi zuwa awon ciki don ba za ta iya zaman layi cikin taron mata ba, ranar ce abin ya tashi daga hali ya zama haɗari ga rai biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba a duniya, mata sun fi maza yawa a cikinsu, kuma wajen ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani.

Kada wani ya ce ina mayar da tsoron gaskiya cuta. Jihar Maraɗi ta ga abin tsoro da idonta. Tun 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara suka tsallako zuwa yankin Gidan Rumji suna gudun 'yan bindiga, kuma ƙauyukanmu na bakin iyaka wajen Madarumfa sun sha satar shanu da satar mutane. A watan Nuwamba na 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a wata makaranta a cikin birnin Maraɗi, yara ƙanana fiye da 20 suka rasu. A ƙarshen Agusta na 2024 ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, gidaje suka rushe, aka rasa rayuka. Wanda ya ƙi bin hanyar daji da dare a inda ake tare mutane, hankali ya yi, kuma ba da shi nake ba. Ina magana ne a kan uwar da har yau ba ta iya barin ɗanta ya je makarantar da aka gina da siminti, da manomin Jiratawa da ya bar fegin zogalensa ya bushe don ba ya iya fita da rana tsaka ana ta kai-da-kawo, da tsohuwar da ba ta runtsawa muddin ta ga hadari ya haɗu a gabas. Haɗarin ya wuce ko ba ya wurin, amma jiki bai yarda ba.

Dalilin da ya sa bai yarda ba yana cikin kai, kuma an san shi. Can cikin ƙwaƙwalwa, tsakanin saitin kunne da na ido, a kowane gefe, akwai wani ɗan curin jijiyoyi da ake kira amigdala. Aikinsa shi ne ya ƙulla alama da haɗari: wannan hayaniya, wannan wari, wannan kwana ta hanya. Da ya ga alamar sai ya aika saƙo ƙasa, adirenalin ya kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sama-sama, ciki ya murɗa, tun tunani bai gama tantance mene ne ba. Kusa da shi akwai hifokamfos, mai riƙe inda abin ya faru. A bayan goshi kuma akwai sashen da ke iya taka wa amigdala birki. Sai dai wannan sashe ba ya koyo da nasiha kaɗai. Ko malamai goma za su taru su ce wa mutum babu komai a kasuwa, ba zai ɗauka ba. Babbar hanyar koyonsa ita ce: mutum ya kasance a wurin, tsoro ya taso, ya tsaya, abin da yake jira bai faru ba. Tsohon tsoron ma ba ya gogewa; sabon sani ne ke hawa kansa ya danne shi, shi ya sa ake bukatar maimaitawa.

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Gaskiya ne, amma akwai saura: muddin gudun yake yi, ba ranar da zai san tsumma ne. Abin da ya fi muni, gudun da kansa yana da daɗi. Da saurayin nan ya juya daga ƙofar kasuwa, nan take ƙirjinsa ke sakewa. Wannan sanyin da ya ji lada ne a wajen ƙwaƙwalwa, kuma akwai sashe a tsakiyarta da ke rubuta duk aikin da ya jawo lada don a sake shi. In aka yi ta maimaitawa sai aikin ya koma sabo, ya riƙa zuwa da kansa ba shawara. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, O. H. Mowrer, shi ya fayyace wannan a 1947: tsoro ne ke fara shiga, amma sauƙin da gudu ke kawowa ne ke raya shi.

A 1953, a jami'ar Harvard, Richard Solomon da abokan aikinsa suka nuna haka da karnuka, a wani gwaji da ba shi da daɗin ji. An sa kare a akwati mai ɗaki biyu da ɗan shinge a tsakani. In haske ya ɗauke, bayan daƙiƙa 10 sai lantarki ya kama daɓen da yake tsaye a kai. Ba a jima ba karen ya gane, da haske ya ɗauke sai ya tsallake shinge tun lantarkin bai zo ba. Sai masu binciken suka cire lantarkin ɗungum. Karnukan suka ci gaba da tsalle sau ɗaruruwa, suna gudun abin da babu shi. Abin lura, a lokacin ba su cika nuna alamar firgita ba, tsallensu kawai suke yi cikin natsuwa. Ku riƙe wannan, don shi ke yaudarar iyali. Ɗanku da ke zaune a ɗaki yana shan shayi yana dariya bai warke ba. Ya dai ƙware ne wajen tsalle. Duk aiken da kuka ɗauke masa, duk uzurin da kuka ba baƙi a madadinsa, taya shi tsallake shingen kuke yi.

Ƙasar nan ta daɗe da nata bayanin wannan ciwo: iska, sammu, kambun baka, shafar aljanu. A Tibiri da Maraɗi sarautar Inna da ta Iya sun daɗe da sha'anin bori a hannunsu, yau kuma masu ruƙiyya sun yawaita a kowace unguwa. Ba gardamar aƙida ta kawo ni ba, kuma ba mai hankalin da zai hana musulmi addu'a. Zikiri da salla suna sanyaya zuciyar mutane da yawa. Ma'aunina ɗaya ne, ga malam, ga boka, ga likita. Duk wanda ya ƙare maganinsa da "kada ya sake bin wannan hanya", ko "kada ta fita sai bayan kwana arba'in", ciwon ya yi wa aiki. Wanda kuma ya ce a ɗaure, ko a yi duka, ko a turara hayaƙi a ɗaki rufe ga mutumin da dama numfashi ne ke tsorata shi, ku ɗauke ɗanku ku bar wurin.

Sai ƙwaya. Mai tallan magani a tire ba ya tambayar takardar likita, dala kaɗan ya ɓallo maka diyazafam. Tana aiki, kuma aikin nata ne tarkon. Cikin ɗan lokaci jiki ya yi lakwas, fargaba ta kwanta, ƙwaƙwalwa ta rubuta cewa ƙwayar ce ta cece shi, ba wai wurin ne ba shi da haɗari ba. Gudu ne shi ma, a zaune. Cikin 'yan makonni jiki ya saba, guda ta daina isa. Tramol kuwa, da samarinmu masu kabu-kabu da leburori ke haɗiya don ƙarfin aiki da ƙarfin zuciya, maganin ciwo ne dangin hodar ofiyom, tana jawo farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba, in kuma aka haɗa ta da diyazafam numfashi na iya tsayawa cikin barci. Ko shayin fada mai kauri, da Nescafé, da goro, in sun yi yawa suna sa bugun zuciyar da mai fargaba zai ɗauka ciwon ne ya dawo.

Yanzu ga maganar lantarki. Ba ƙarya ba ce daga tushe, shi ya sa maƙaryata ke samun abin kamawa. A 1938, a birnin Rum, Ugo Cerletti da Lucio Bini suka fara yi wa masu taɓin hankali magani da jan lantarki a kai. Har yau ana yin sa, amma a asibiti, bayan an sa mutum barci da allura, kuma don matsanancin ciwon baƙin ciki da makamantansa ne, ba don fargaba ba. A 1985, a Sheffield ta Ingila, Anthony Barker ya fito da hanyar motsa jijiyoyin ƙwaƙwalwa da maganaɗisu daga wajen kai, ba yanka ba allura, wadda ake kira TMS. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yarda da ita don ciwon baƙin ciki a 2008, don ciwon waswasi a 2018, sannan a 2021 don fargabar da ke tare da ciwon baƙin ciki. Akwai kuma tiyatar da ake dasa siraran wayoyi can cikin ƙwaƙwalwa, wadda Alim-Louis Benabid ya buɗe wa hanya a Grenoble ta Faransa a 1987 don masu ciwon karkarwa; a 2009 Amurka ta ba da izini na musamman a yi ta ga masu waswasi mai tsanani da duk wani magani ya gagara.

Fatan da ake yi wa fargaba yana da madogara. A 2002, a Puerto Rico, Mohammed Milad da Gregory Quirk suka nuna cewa in aka motsa wani yanki na gaban ƙwaƙwalwar ɓera a daidai lokacin da ya ji ƙarar da yake tsoro, daskarewar da yake yi tana raguwa. Wato an taimaki birkin nan na bayan goshi. Amma daga ɓera zuwa mutum tafiya ce mai nisa. Maganaɗisun TMS santimita kaɗan yake ratsawa, amigdala kuwa tana can ƙasa, sai dai a taɓa ta ta hanyar jijiyoyin da suka haɗa ta da sama. Kuma tsoro ba maɓalli ɗaya gare shi ba: a 2013, a jami'ar Iowa, an shaƙa wa mutum uku da cuta ta lalata musu amigdala iska mai yawan kabon, sai ga su cikin firgici mai tsanani. Ga ciwon fargaba zalla, wannan magani har yanzu a matakin bincike yake. Wani abin da 'yan talla ba za su faɗa muku ba: a tsarin TMS na masu waswasi da aka yarda da shi a 2018, kafin a kunna na'ura sai an fara taso wa maras lafiya abin da ke damunsa da gangan. Ko na'urar gaske ba ta ɗauke wa mutum fuskantar abin tsoronsa.

Saboda haka ku san kamannin abin. TMS ta gaskiya babbar na'ura ce mai tsada, tana girke a asibiti ƙarƙashin likitan ƙwaƙwalwa, ana zuwa kwana biyar a mako har mako huɗu zuwa shida. Kafin a fara sai an tambayi mutum ko yana da farfaɗiya, ko akwai ƙarfe a kansa, ko wane magani yake sha, domin tana iya tayar da farfaɗiya, ko da yake ba kasafai ba. Ba a yawo da ita a jaka, ba a kafa ta a rumfar kasuwa ko a zauren wani. Wanda ya zo da akwati da kwamfuta ya ce ka riƙe ƙarfe na minti ɗaya ya gano duk cututtukan jikinka, sannan ya sayar maka da maganinsu, kuɗinka kawai ya gano. Na'urar tausa mai faci biyu da ake mannawa a baya ko cinya, kada a kuskura a manna ta a kai, ko a wuya, ko a ƙirji. Samari masu gyaran salula da rediyo, ku na fi ji wa tsoro, don kun iya haɗa waya da batir kuma kuna kallon bidiyon masu yin haka a intanet. Lantarkin da masu bincike ke gwadawa a fatar kai miliamfa 1 zuwa 2 ne, da awo da sa ido, kuma a 2016 manyan masanan fannin suka buga buɗaɗɗiyar wasiƙa suna jan kunnen masu haɗa nasu a gida. Ƙuna a fata ita ce mafi ƙanƙantar abin da zai iya biyo baya. Ga wanda ke shan tramol kuwa, farfaɗiya dama a bakin ƙofa take.

Maganin da aka fi tabbatarwa ba ya bukatar wuta ko batir. Komawa ne wurin da ake gudu, da tsari, kaɗan-kaɗan, da yardar mai ciwon. Ku zauna da shi ku jera abubuwan da yake tsoro daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Yau ya tsaya a ƙofar gida bayan la'asar, lokacin da titi ya cika. Gabansa zai faɗi; kada ku ce "shiga ciki", ku ce "ina nan tare da kai, bari mu ga ƙarshensa." Ya tsaya har abin ya kai ƙololuwa ya fara sauka da kansa, domin firgicin irin wannan, duk da azabarsa, ba ya kisa kuma ba ya dawwama. Gobe a sake, jibi a sake, har wurin ya gundure shi. Sannan mai shayin bakin layi. Sannan masallacin unguwa, sahun baya, daga baya na tsakiya. Sannan kabu-kabu zuwa bakin kasuwa da yaya a bayansa, daga nan shi kaɗai. Ba tilas, ba ba-zata, ba gori. Wanda aka ja da ƙarfi aka jefa cikin taro ya ƙwace ya gudu, an mayar da shi baya ne. Wanda kuma ya fito daga hannun masu garkuwa, ko ya ga mutuwa da idonsa, kada ku matsa masa ya yi ta ba da labari a gaban 'yan jaje. Nasa sai da ma'aikacin lafiya da ya san aikin.

Ku fara da cibiyar lafiya ta unguwa, wato CSI, ku faɗi abin da sunansa: faɗuwar gaba, tsoron fita, rashin barci. A duba ƙarancin jini, da ciwon maƙoƙo, da asma, da zuciya, don dukansu suna iya yin kama da fargaba. Ku nemi a tura ku babban asibitin jiha wajen mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. In ta kama a wuce gaba, akwai sashen Pavillon E a babban asibitin ƙasa na Yamai, a Najeriya kuma akwai Kware kusa da Sakkwato, da Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna. Na san waɗannan sunaye sun zama abin zolaya a bakin mutane, kuma wannan zolayar ta hana da yawa zuwa; ita ma wani shingen ce. Akwai magunguna irin su fuloksetin da likita ke rubutawa, ba sa sa maye, amma sai sun yi mako huɗu zuwa shida kafin a ga amfaninsu sosai, kuma ba a haɗa su da tramol.

Abu uku ba sa jiran gobe. Ciwon ƙirji na farko, musamman ga mai hawan jini ko wanda ya manyanta, a tafi asibiti nan take, kada a ce fargaba ce. Wanda ya fara cewa ya gaji da duniya ko gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da igiya da ƙwayoyi daga ɗakin, a kai shi likita a ranar. Wanda kuma ya daɗe yana shan diyazafam kullum, kada ku ƙwace ku zubar don kun karanta wannan takarda. Yankewa farat ɗaya na kawo karkarwa, da ruɗewa, da farfaɗiya. Ku tafi da shi tare da kwalin ƙwayar ko ledarta, ku gaya wa likita guda nawa yake sha a rana da tun yaushe, shi zai tsara yadda za a riƙa ragewa.